Rayuwar Marubuci a Matsayin Labarin Ban Tsoro: Tarken Littafin Zane Mai Suna Lovecraft da Darasinsa ga Koyar da Adabin Hausa a Legas

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken wani ƙagaggen labari mai zane da aka gina a kan rayuwar marubucin nan ɗan Amurka, H. P. Lovecraft. Mun duba zubin littafin da salon zanensa, sannan muka auna abin da ya faɗa da abin da tarihi ya tabbatar. Mun gano cewa littafin ya mayar da tsoron marubucin ya zama gaskiya, ta haka kuma ya kawar da kai daga wani tsoro da tarihi ya shaida, wato ƙyamar baƙi. Mun nuna dalilin da ya sa wannan batu ya shafi ɗaliban Hausa na Ikorodu da Agege, daga ƙarshe muka kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan nazari tambaya ce da wani malamin Hausa ya kawo mana daga wata makarantar sakandare a Ikorodu. Wani ɗalibinsa ya ci karo da wasu shafukan wannan littafi a wayar hannu, ya zo yana tambaya ko da gaske ne marubucin ya ga aljanun da ya rubuta labarinsu. Malamin ya ce ya amsa masa da cewa ƙage ne, amma shi kansa bai gamsu da amsar ba, domin sunan mutumin da ke cikin labarin na gaske ne, garinsu na gaske ne, har asibitin da aka kwantar da mahaifinsa na gaske ne.

A ganinmu tambayar yaron ta taɓo wani giɓi da ke cikin yadda muke koyar da adabi. A yawancin azuzuwa, tarihin marubuci abu ne da ake haddacewa: shekarar haihuwa, makarantun da ya yi, littattafan da ya wallafa, shekarar rasuwa. Ba kasafai ake nuna wa ɗalibi cewa ita ma rayuwar marubuci ana iya sarrafa ta kamar yadda ake sarrafa labari ba, a ɗauki wani abu, a bar wani, a ƙara gishiri a wani. Ɗalibin yau kuwa yana haɗuwa da irin wannan sarrafawa a fim da zane da intanet tun kafin ya buɗe littafin da aka zaɓa masa. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya a kan misali guda, mu feɗe shi har wutsiya.

2.0 Littafin da Masu Shi

An buga littafin Lovecraft a 2003 a ƙarƙashin Vertigo, wani reshe na kamfanin DC Comics da aka ware a wancan lokaci domin manyan masu karatu. Asalinsa rubutun fim ne na Hans Rodionoff. Keith Giffen ya mayar da shi tsarin labarin zane, Enrique Breccia ɗan ƙasar Ajantina ya yi zanen, John Carpenter kuma, wanda ya shahara da shirya finafinan ban tsoro, ya rubuta gabatarwa. Shi Breccia gado ya yi, domin mahaifinsa Alberto Breccia ya zana wasu daga cikin labaran Lovecraft a shekarun 1970.

Ginshiƙin labarin zato ne guda: a ce duk halittun ban tsoro da Lovecraft ya rubuta akwai su, kuma ya gan su da idonsa. A cikin littafin, yaro Howard ya gaji wani la'anannen kundi mai suna Necronomicon daga mahaifinsa, wanda kundin ya riga ya haukata. Kundin ƙofa ce zuwa wata duniya, wato Arkham, garin da a labaran Lovecraft na ainihi ƙagagge ne. Daga nan aka bi rayuwarsa daki-daki, tun daga ƙuruciya a hannun uwar da ke yi masa shigar mata, da kakansa, da aurensa, har zuwa inda ya zama mai gadin ƙofar ba da son ransa ba, rubutunsa kuma ya zama hanyar tsare ta.

Domin sauƙin bayani, za mu kira kowane akwatin zane da ke shafi da sunan "taga", farin filin da ke tsakanin taga da taga kuma "rata".

3.0 Abin da Tarihi Ya Tabbatar

An haifi Howard Phillips Lovecraft ranar 20 ga Agusta 1890 a birnin Providence na jihar Rhode Island. A 1893 mahaifinsa, Winfield, ya sami taɓin hankali yana kan tafiyar kasuwanci a Shikago, aka kwantar da shi a asibitin Butler da ke Providence, inda ya rasu a 1898. Yawancin masu tarihinsa, ciki har da S. T. Joshi wanda ya wallafa babban littafi a kansa a 1996, sun tafi a kan cewa ciwon tunjere ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mahaifin. Yaron ya tashi a gidan kakansa na wajen uwa, Whipple Phillips, attajirin da ke ba shi labaran ban tsoro da baki. Da kakan ya rasu a 1904 sai dukiya ta rushe, suka bar gidan. A 1908 Howard ya shiga wani hali na rashin lafiyar zuciya, bai kammala sakandare ba. An kwantar da mahaifiyarsa a wannan asibiti na Butler a 1919, ta rasu a 1921.

A watan Maris 1924 ya auri Sonia Greene, Bayahudiya 'yar kasuwa wadda aka haifa a Yukren, ya koma Niyok. Bai sami aikin yi ba, kasuwancin matar ya karye, ta tafi neman aiki a wani gari, shi kuma ya kama ɗaki a Brooklyn kusa da unguwar Red Hook, inda ɓarayi suka kwashe masa tufafi a 1925. A Afrilu 1926 ya koma Providence, a wannan shekara ya rubuta The Call of Cthulhu, wanda mujallar Weird Tales ta buga a 1928. Ya rasu cikin talauci ranar 15 ga Maris 1937, sakamakon ciwon dajin hanji, yana da shekara 46. Sunansa bai ɗaukaka ba sai bayan mutuwarsa, musamman da August Derleth da Donald Wandrei suka kafa kamfanin Arkham House a 1939 domin buga ayyukansa.

Akwai abubuwa biyu kuma da tarihi ya tabbatar waɗanda za mu buƙata a gaba. Na farko, Lovecraft bai yarda da aljanu ko sihiri ko wani addini ba, kuma ya sha faɗa a wasiƙunsa cewa shi ya ƙagi Necronomicon. Na biyu, mutum ne mai tsananin wariyar launin fata da ƙyamar baƙi, abin da ya fito fili a wasiƙunsa da waƙoƙinsa da labaransa.

4.0 Tarken Littafin

4.1 Zubi da Salon Zane

Babban abin yabo a littafin shi ne aikin Breccia. Ya raba duniyoyin biyu da alƙalami da launi. Rayuwar yau da kullum ya zana ta da siraran layuka da launuka masu dishi-dishi, fuskokin mutane a murtuke, wasu a karkace. Idan aka tsallaka Arkham kuwa sai launuka su ɓarke, su kwarara cikin juna, har mai karatu ya kasa gane inda jikin halitta ya ƙare da inda sarari ya fara. Ma'anar wannan dabara a bayyane take ga mai lura: duniyar mutane ce ta zama kamar matacciya, duniyar dodanni kuma ita ce mai rai. Tun kafin a karanta kalma ɗaya, launi ya riga ya gaya wa ido wace duniya ce ta fi cancantar a gaskata.

A nan akwai wata matsala da duk mai zana Lovecraft yake fuskanta. Salon marubucin ya dogara ne a kan ƙin siffantawa. Mai ba da labari yakan ce abin da ya gani ya fi ƙarfin harshe, sai a bar mai karatu ya cike sauran da zuciyarsa. Haka tatsuniyarmu take yi da Dodo. Gwaggo ba ta taɓa tsayawa ta ƙirga haƙoransa, kowane yaro da irin Dodon da yake gani a duhu. Mai zane kuwa dole ya sa wani abu a takarda. Breccia ya rage wannan asara ta hanyar narkar da siffofin, sai dai duk da haka abin da aka zana ya riga ya sami iyaka. A karatunmu, wuraren da suka fi tayar da tsigar jiki su ne inda taga ta ƙare kafin abin ya faru, taga ta gaba kuma ta nuna bayan ya faru. Scott McCloud ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1993 a kan fasahar labarin zane, inda ya nuna cewa mai karatu ne ke aikata abin da ke cikin rata. Wannan darasi ne da malamin adabi zai iya amfani da shi ko da ba zane a gabansa.

4.2 Kundin Balarabe

Ɗalibi Bahaushe ba zai ga Necronomicon da idon ɗan Amurka ba. A ƙagen Lovecraft, wani mahaukacin mawaƙi Balarabe ɗan birnin San'a na Yaman, mai suna Abdul Alhazred, shi ya rubuta kundin a Dimashƙa a ƙarni na 8. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ko Islamiyya zai ji sunan bai zauna daidai ba, domin "Abdul" ya riga ya ƙunshi "al", sai ga wani "al" ya biyo baya. Dalili kuwa shi ne laƙabi ne da Lovecraft ya ɗauka yana ɗan shekara biyar, bayan ya kamu da son labaran Dare Dubu da Ɗaya.

Wannan ya ba mu damar kwatance mai amfani. Daga rijiya guda marubuta biyu suka sha. An buga fassarar Hausa ta Dare Dubu da Ɗaya ta hannun Frank Edgar a 1924, kuma Alhaji Abubakar Imam ya ɗebi abubuwa daga wannan taska da wasunta ya gina Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937, shekarar da Lovecraft ya rasu. A hannun Imam gadon Larabawa ya zama hikima a bakin aku, abin tarbiyyar 'ya'yan sarki. A hannun Lovecraft ya zama littafin da ke haukata mai karanta shi. Bambancin yana ga matsayin da kowannensu ya tsaya: Imam ɗan gida ne a wannan ilimi, ɗan malamai, Lovecraft kuwa daga nesa yake hango shi, kuma abin da ake hange daga nesa ya fi saurin zama abin tsoro.

Littafin zanen bai tsaya ya tambayi wannan ba. Ya karɓi kundin a matsayin gaskiya, ya ɗora labarinsa a kai. Haɗarin da ke nan ga ɗalibanmu shi ne sun taso suna jin labarin kundi da hatimi, wasu ma sun ji sunan littattafai irin su Shamsul Ma'arif na Albuni, saboda haka abu ne mai sauƙi su jera Necronomicon a wannan sahu. Daɗin daɗawa, tun 1977 aka buga wani littafi a Amurka da wannan suna ana sayarwa kamar shi ne na asali. Wajibi ne malami ya san cewa mai kundin da kansa ya ce ƙage ne.

4.3 Taɓin Hankali

Dabarar da ta fi ƙarfi a littafin ita ce sauya dalili. An bar abubuwan da suka faru a inda tarihi ya ajiye su, aka canza abin da ya jawo su. Mahaifi ya haukace, gaskiya ne, amma a nan kundi ne sanadi. Uwa ta bi sahu, aure ya mutu, duk gaskiya ne, amma a nan halittun Arkham ne suka shiga tsakani. Ta fuskar adabi wannan dabara tana da ma'ana mai zurfi, domin ana iya karanta kundin a matsayin alamar abin da yaro ke tsoron ya gada daga iyayensa. Yaron da mahaifinsa da mahaifiyarsa suka ƙare a asibiti guda, ba abin mamaki ba ne ya riƙa jin kamar akwai wani abu a jininsa da ke jiran lokaci. Idan aka karanta littafin haka, ya faɗi wata gaskiya game da zuciyar ɗan Adam.

Amma wannan karatu sai an koyar da shi. Wanda ba a koya wa ba zai fita da saƙo mai sauƙi, cewa ciwon ƙwaƙwalwa aikin iska ne kawai. A al'ummarmu, inda sau da yawa ake jinkirin kai mai irin wannan lalura asibiti, saƙon ba ƙarami ba ne. Ɗalibin Legas yana da asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a kusa da shi, akwai na Aro a Abeokuta inda Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin jinya a cikin ƙauye a 1954, kuma a Janairu 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ba aikin malamin adabi ba ne ya yi jayayya da aƙidar kowa. Aikinsa ya nuna cewa a wannan labari takamaimai, likitoci sun rubuta dalili, masu zane kuma sun musanya shi da wani.

4.4 Abin da Aka Bari a Waje

A nan ne muke ganin babban raunin littafin. Shekaru biyun da Lovecraft ya yi a Niyok su ne lokacin da tsoronsa ya fi fitowa fili, kuma ya rubuta shi da hannunsa. Abin da ya dame shi a titunan Brooklyn mutane ne: baƙaƙen fata, Yahudawa, Italiyawa, mutanen Siriya da na Asiya. Matarsa ta ba da labari daga baya cewa yakan fusata idan ya shiga cikin irin wannan taro, har takan tuna masa cewa ita ma daga cikinsu take. A Agusta 1925 ya rubuta The Horror at Red Hook, wanda aka buga a 1927. A cikinsa wani ɗan sanda mai suna Malone ya gano cewa baƙin da suka cika unguwar suna da ƙungiyar asiri da ke satar yara a ƙarƙashin ƙasa. Ba a sarari ya rubuta wannan ba, domin a 1924 ne Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar baƙi daga kudanci da gabashin Turai, ta kuma toshe ƙofa ga mutanen Asiya.

Littafin Rodionoff da abokansa bai sa wannan gefe a gaba ba. Mutumin da ya nuna mana abin tausayi ne, mai ɗauke da nauyin duniya shi kaɗai. Sakamakon zaton da aka gina labarin a kai ke nan: idan dodannin gaskiya ne, to mai tsoro yana da hujja, kuma duk wanda ya zarge shi bai ga abin da ya gani ba ne. Da wannan zato guda aka mayar da mai ƙyamar maƙwabtansa ya zama mai gadin bil Adama. Ba mu ce masu littafin sun yi haka da mugun nufi ba. Sun nemi labari mai daɗi ne, sun kuma samu. Sai dai rashin faɗa ma faɗa ne, kuma aikin mai tarke ne ya ji shi.

Wasu marubuta sun bi wata hanya. A 2011 Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar Amurka mai asali da Nijeriya, ta ci kyautar World Fantasy da littafinta Who Fears Death. Kyautar a lokacin gunkin kan Lovecraft ce, kuma ta yi rubutu a kan yadda ta ji da ta gano wata waƙar cin zarafin baƙar fata da ya yi a 1912. Muhawarar ta ci gaba har aka daina amfani da gunkin bayan bikin 2015. A 2016 kuma Victor LaValle ya sake ba da labarin Red Hook ta idon wani baƙar fata ɗan Harlem a cikin The Ballad of Black Tom. Waɗannan ba su jefar da Lovecraft ba, sun amfana da fasaharsa, amma sun tsaya a inda mutanen da ya tsorata da su suke tsaye.

5.0 Karatu daga Zango

Me ya sa muka dage a kan wannan batu a rahoton da ya shafi Hausa a Legas? Dalili shi ne ɗalibin da ya yi tambayar yana zaune ne a irin unguwar da Lovecraft ya zana a matsayin ramin mugunta. Hausawa sun kafu a Agege tun farkon ƙarni na 20 ta dalilin cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa, suna nan a Sabo ta Ikorodu, da Idi-Araba, da Obalende, da kasuwar Mile 12. Da yawa daga cikin yaran nan a Legas aka haifi iyayensu, suna jin Yarabanci kamar Hausa, kuma tun dokar jihar ta 2018 darasin Yarabanci wajibi ne a makarantunsu. Duk da haka sun san yadda ake kallon mutum a matsayin baƙo. Iyayensu na tuna rikicin Ketu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Mile 12 na 2016, kuma sun san rawar da jita-jita ke takawa a irin wannan lokaci. Labarin baƙi masu asiri da ke satar yara ba sabon abu ba ne a kunnen kowane ɗan Nijeriya, an kuma sha rasa rayuka a kansa.

Adalci ya buƙaci mu juya madubin. Abin da Zango yake a Kudu, shi ne Sabon Gari a Kano da Zariya. Mu ma muna da barkwanci da labarai da ke mayar da wasu ƙabilu abin dariya ko abin ƙyama, kuma wasu daga cikin littattafanmu na farko ba su tsira daga wannan ba. Ɗalibin da ya koyi tambayar "wa aka mayar dodo a nan?" a kan marubucin Amurka, zai iya yin ta a kan abin da ke gidansu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma misalai na kusa da ke nuna cewa sha'awar cusa marubuci cikin labarinsa ba ta Turawa kaɗai ba ce. D. O. Fagunwa, mai Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale na 1938, ya rasu a kogin Wuya kusa da Bida a Disamba 1963. Nan da nan aka yaɗa cewa iskokin da yake rubutawa ne suka ɗauke shi, alhali iyalinsa sun tabbatar an sami gawarsa an binne a garinsu Oke-Igbo. A namu ɓangaren, tauraron Ruwan Bagaja na 1934 sunansa Alhaji Imam, labarin kuma ya tashi daga Kwantagora, yankin da aka haifi marubucin a garin Kagara a 1911. Imam da kansa ya ara wa tauraronsa suna, amma ba wanda zai ce ya je ƙasar aljanu ɗebo ruwa. Wanda ke son sanin rayuwarsa sai ya nufi littafin tarihinsa da Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989. Ashe ke nan muna da kayan koyar da wannan darasi a cikin manhajarmu tun tuni.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) Kada a sa wannan littafi cikin jerin littattafan ɗaliban sakandare. Akwai tsiraici da zubar da jini a cikinsa, kuma domin manya aka buga shi. Muhallinsa shi ne kwalejojin ilimi da tarukan ƙara wa malamai sani, inda za a yi amfani da zaɓaɓɓun shafuka.

(b) A faɗaɗa darasin tarihin marubuci ya wuce hadda. A koya wa ɗalibi ya yi wa duk wani labari da aka gina a kan mutum na gaske tambayoyi uku: me tarihi ya tabbatar, me aka ƙaga, me aka bari a waje? Ta ukun ita ce mafi wuya, domin sai malami ya kawo wata majiya ta biyu a aji. Ana iya farawa da Ruwan Bagaja tare da tarihin Imam.

(c) A shigar da karatun zane cikin dabarun nazarin adabi: taga, rata, launi, kusanci da nisa. Legas na da tsohuwar al'adar wannan fasaha, tun daga mujallar Ikebe Super ta Wale Adenuga a shekarun 1970 har zuwa kamfanin Comic Republic da aka kafa a 2013. Aikin aji mai sauƙi shi ne ɗalibai su zana tatsuniyar Dodo a taga shida, su yi bayanin abin da suka nuna da abin da suka bari a rata.

(d) A samar da daidaitattun kalmomin Hausa na wannan fanni. Waɗanda muka yi amfani da su a nan gwaji ne, muna kuma maraba da gyara daga malaman da ke aji.

(e) A makarantun da Hausawa da Yarabawa ke zama aji guda, a ƙarfafa darasin haɗin gwiwa tsakanin malaman harsunan biyu, a ɗora Imam da Fagunwa gefe da gefe.

(f) Marubuta da masu zane da ke da niyyar mayar da rayuwar magabatanmu labarin zane su sanya bayani a ƙarshen littafi da ke rarrabe tarihi da ƙage, su kuma tuntuɓi iyalan mamatan.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa littafin Lovecraft aiki ne mai ƙarfi ta fuskar zane, mai ma'ana idan aka karanta kundinsa a matsayin alamar gadon da yaro ke tsoro. Mun kuma ga cewa zaton da aka gina shi a kai ya wanke marubucin daga abin da ya rubuta da hannunsa game da maƙwabtansa. Amsar da malamin Ikorodu ya bayar, cewa ƙage ne, daidai ce, amma rabin amsa ce. Cikonta shi ne mutumin ya ji tsoro da gaske, kuma wani kaso mai yawa na tsoron nan na mutane ne masu neman abinci a garin da ba na kakanninsu ba. Ɗalibin da aka ba wannan cikon zai koma ga shafukan da ke wayarsa da wata tambaya ta daban, kuma samar da irin wannan mai karatu yana daga cikin manufofin koyar da adabi a kowane harshe.